Ƙuntatacciyar Ƙofa: Hunturu, Iska da Ƙaramin Jirgi a Tsibirin Saba

Da zarar Disamba ta kama, dusar ƙanƙara ta fara lulluɓe garuruwan Kanada da arewacin Amurka da Turai, sai masu hali su fuskanci kudu, su nufi tsibiran Tekun Karibiyan domin shan hantsi. Wasunsu manyan jirage ne ke sauke su a Sint Maarten, inda otal-otal suka yi jerin gwano a bakin ruwa. Kaɗan daga cikinsu ne ke sake shiga wani ɗan jirgi mai farfela biyu, su yi tafiyar da ba ta wuce minti 15 ba, su isa Saba, tsibirin da faɗinsa murabba'in kilomita 13 ne kacal, mazaunansa kuma kimanin 2,000.

Saba dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, ya tashi tsaye daga cikin teku ba tare da shimfiɗaɗɗen fili ba. Ƙololuwarsa, Mount Scenery, ita ce wuri mafi tsayi a duk Masarautar Holan, wadda tsibirin yake ƙarƙashinta. Shekaru aru-aru babu mashiga sai ta wasu matakalai ɗaruruwa da aka sassaƙa a jikin dutse, kuma duk abin da jirgin ruwa ya kawo a kai ake hawa da shi. Maza suka zama matuƙan jiragen ruwa, suna yin watanni ba su gida, mata kuwa suka riƙe gari, suna saƙar leshin hannu suna aika shi ƙetare ta gidan waya.

Sau biyu mutanen Saba suka ƙaryata masana. Da injiniyoyi suka ce ba a iya gina hanyar mota a irin wannan gangare, sai Josephus Lambert Hassell ya koyi aikin ta hanyar darussan da ake aiko masa a wasiƙa, aka soma ginin da hannu a 1938, mota ta farko ta shigo a 1947. Haka kuma da aka ce jirgin sama ba zai sauka ba, sai jama'a suka kwashe duwatsu daga wani ɗan fili da ake kira Flat Point, matuƙi Rémy de Haenen ya sauka a kansa a 1959. A 1963 aka buɗe filin jirgin sama na Juancho E. Yrausquin a wurin. Tsawon titinsa mita 400 ne, kuma shi ake ɗauka mafi gajarta a duniya cikin titunan da jiragen fasinja ke amfani da su. Kowane ƙarshensa rugumin gangare ne zuwa teku, gefe guda kuma tsauni.

Matuƙin ƙaramin jirgi a ƙasashen sanyi ƙanƙara yake tsoro, domin idan ta daskare a kan fiffike takan ɓata siffarsa ta rage masa ƙarfin ɗaukar jirgi. A Saba babu ƙanƙara, amma hunturu na zuwa da nasa jarrabawa. Iskar gabas da ke kaɗawa duk shekara takan ƙara ƙarfi daga Disamba, har mutanen yankin suka laƙaba mata sunan iskar Kirsimeti. Iskar da ta fuskanci jirgi gaba da gaba abokiya ce, tana rage masa gudu a ƙasa, ya tsaya da wuri. Wadda ta ratso titi daga gefe, ko ta bugi tsauni ta dawo tana juyi, ita ce abin gudu. Shi ya sa jirgin Twin Otter, wanda aka ƙera domin gajeren titi kuma ba ya ɗaukar fiye da fasinja 19, shi ne dokin wannan hanya, kuma sai matuƙin da ya samu horo na musamman ake bari ya sauka. Idan iska ta ƙetare iyaka, sai a soke tashi, kowa ya jira.

A nan ne rayuwar baƙo da ta ɗan gari suke rabuwa, ko da kujera ɗaya suka zauna. Ga baƙo, saukar nan abin nishaɗi ce, ya ɗauki hoto, ya tafa wa matuƙi, ya samu labarin bayarwa idan ya koma gida. Idan an soke jirgi, asararsa ƙarin kwana ɗaya a masauki. Ga ɗan tsibiri kuwa, jirgin shi ne motar asibiti, shi ne hanyar makaranta da ta ziyarar dangi. Asibitin Saba ƙarami ne, ciwon da ya fi ƙarfinsa sai an tsallaka da shi Sint Maarten ko gaba da nan. Jirgin ruwa na nan, amma iskar da ta hana jirgin sama sauka ita ce ke tayar da igiyar ruwa. Watannin da ke kawo kuɗin baƙi su ne kuma watannin da ƙofa ta fi saurin rufewa.

Duk da haka, ƙuncin ƙofar yana da wata albarka da ba a cika lura da ita ba. Titin da ba ya karɓar babban jirgi ba ya karɓar babban taro. Baƙi na shigowa ne goma-goma, ba dubu-dubu ba, don haka ƙauyukan tsibirin huɗu, The Bottom da Windwardside da St. Johns da Zion's Hill, suna iya haɗiye su ba tare da sun sauya kama ba. Gidajen nan farare masu jan rufi suna nan yadda suke, ana tara ruwan sama a tankunan ƙasa, ana gaisawa a hanya, mai mota na rage wa mai tafiya a ƙasa hanya. Inda kowa ya san kowa, baƙo yana da suna da fuska, kuma ana sa ran ya amsa gaisuwa. A tsibiran da titunan jirginsu suka kai kilomita biyu ko uku, sau da yawa akasin haka ke faruwa: ɗan gari ne ke komawa baƙo a bakin tekun kakanninsa.

Ba daidai ba ne wanda ke zaune kusa da babban asibiti ya yaba wa mutanen Saba kaɗaicinsu, domin ba shi ke kwana da marar lafiya yana sauraron kukan iska ba. Amma ba daidai ba ne kuma a ɗauka kowace ƙofa da aka faɗaɗa alheri kaɗai take shigowa da shi. Mutanen da suka kwashe duwatsun Flat Point sun nemi hanyar fita ne da dawowa, ƙasar kuma ta ba su mita 400. A cikin wannan ma'auni suka ci gaba da zama jama'a guda, suna karɓar duniya gwargwadon abin da ɗan jirgi zai iya ɗaukowa, a ranar da iska ta yarda.