Minna: Kafin Kawu Ya Sauya Waya

Hanya uku ce ke kai mutumin Kaduna Minna, kuma a 'yan shekarun nan ba kusanci ko kyawun kwalta ake dubawa wajen zaɓe ba. Akwai ta Birnin Gwari, a bi Kagara da Tegina da Zungeru a shigo gari ta Bosso. Akwai ta Sarkin Pawa, wadda ta fi yanke. Duka biyun sun ratsa dazuzzukan da 'yan bindiga suka addaba, kuma ba wanda ya manta ɗaliban Kagara da aka kwashe a Fabrairun 2021, da 'yan Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar. Direban da na shiga motarsa ta ukun ya bi, mai zagaye: titin Abuja har mararrabar Dikko, sannan a karya dama. Da wani fasinja ya yi ƙorafin nisa, sai ya ce masa, "Alhaji, ni fa ba na bin hanyar da in mota ta lalace sai na hau bishiya kafin in kira gida."

Maganar sabis ɗin ce ni ma ta taso da ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin doya ne a Minna, kuma sana'arsa ta koma cikin waya tun ba yau ba. Ya ɗauki hoton ƙwaryar doya a kasuwar Gwada ko Paiko, ya tura wa mai saye a Kano ko Legas ta WhatsApp, a yi ciniki, ya jira alat kafin a yi lodi. Ya aiko cewa wayarsa ta daina jan sabis, ya ware kuɗin sabuwa, in zo in raka shi ya zaɓi mai ƙarfi.

Tun daga Rijana na buɗe wurin da waya ke nuna ainihin ƙarfin abin da take ji. Sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman fuskar waya ba ma'auni ba ne. Babu wata doka da ta ce ga abin da sanda uku ke nufi, kowane kamfani da yadda ya ga dama ya zana nasa. A 2010 kamfanin Apple da kansa ya fito ya amsa cewa lissafin da iPhone ke yi wajen nuna sanduna kuskure ne, sau da yawa tana ƙara biyu a kan gaskiya. Ma'aunin da ba ya sauyawa daga waya zuwa waya lamba ce mai alamar ragi a gabanta, da haruffan dBm a bayanta. A wayoyin Android tana cikin saiti, wajen bayanin waya, ƙarƙashin halin da sim yake ciki, kuma a wasu danna *#*#4636#*#* ma na buɗe ta. A iPhone kuwa *3001#12345#* ake kira. A 4G, wajen -80 sabis ne garau, -100 na lallaɓawa ne, daga -110 zuwa ƙasa kuwa sai addu'a. Tazarar ba ƙarama ba ce kamar yadda ido ke gani, domin kowane ragin 10 na nufin ƙarfin ya ragu ninki goma. Wayar da ke kan -110 tana jin kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da mai -90 ke ji.

Haka na riƙa kallon lambar tana hawa in mun doshi gari, Katari, Jere, Tafa, tana zubewa in mun shiga tsakanin tuddai. Matar da ke kusa da ni ta gaji da leƙe ta tambaye ni ko caca nake bugawa.

A Dikko motar ta yi tsit na ɗan lokaci, don nan ne tankar mai ta kama da wuta a Janairun 2025 ta ci rayuka masu yawa. Daga nan zuwa Minna wajen kilomita 100 ne, amma titin ya daɗe a hannun masu aikin tagwaitawa, ga tireloli da tankoki jere, musamman a Lambata inda hanyar Lapai da Bida ta rabu. Mun wuce kwanar da ke kai mutum magangarar ruwan Gurara, muka ratsa Paiko da dutsenta da tulin doya a bakin titi, matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa kamar yadda suka gada, muka gangara Chanchaga rana na shirin faɗuwa.

Jirgin ƙasa ne ya raya Minna. A nan layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 ya haɗu da wanda ya fito daga Legas, ƙauyen Gbagyi ya zama mahaɗa, Hausawa da Nupawa da Yarbawa da Inyamurai suka sauka neman abinci. A 1976, da Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama hedikwata. Abin da ya shafi tafiyata shi ne yadda garin yake kwance a gindin duwatsu. Manya irin su Janar Babangida sun hau kan tudu sun yi gini. Masu ƙaramin ƙarfi da suka zo daga baya fili ya tura su bayan duwatsun, kuma can ne gidan Kawu, gaba da Maitumbi ta hanyar Gwada.

Bayan gaisuwa da sallar isha ya ajiye mini wayoyinsa biyu a kan tabarma. Ɗaya ƙarama mai madannai da tocila, ɗaya babba 'yar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka, wadda a zamaninta ta manya ce.

"Ka gani ko, ɗana? Wannan 'yar mitsitsiyar ko a ƙuryar ɗaki sabis ɗinta cike yake. Wannan ta masu kuɗin kuwa sai na fita bakin tankin ruwa na ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Ta tsufa ne kawai."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri da sayen nan zuwa jibi, mu fara gane mai laifin."

Ƙaramar ba ta fi babbar kunne ba, aikin da aka ɗora musu ne ya bambanta. Ita 2G take kamawa, tsohon tsarin da aka fara da shi a Agustan 2001 lokacin da Econet da MTN suka buɗe layi a Najeriya, kuma murya ba ta buƙatar abu mai yawa. Hoto da bidiyo kuwa 4G suke so. Da na fara bayanin megahaz na ga idon Kawu ya tafi wani wuri, sai na koma ta ƙofar da ya sani. Mutum ne da ya girma da rediyo a kunne, ya san gajeren zango da matsakaici, ya san akwatin da ba shi da mita 25 ba zai kamo tashar da ke can ba komai tsadarsa. Waya ma haka take. Kowane kamfanin layi da zangon da yake watsa 4G ɗinsa: Glo ya fara nasa a kan 700, MTN na da 800 da ya samu ta sayen Visafone, da kuma 2600, Airtel ya kafa nasa a kan 1800. Ƙananan lambobin su ne masu dogon zango da iya kutsa bango. Manyan suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Wayar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana iya zuwa babu wasu daga cikin zangunan da ake amfani da su a nan, ta yi aiki lafiya a tsakiyar gari, ta kurumce a bayan dutse.

Da safe muka yi gwajin, kuma ba ya buƙatar komai sai haƙuri. Kawu ya aika yara suka aro wayoyin maƙwabta, har da ta wani ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke haya a layin, wanda ya biyo tasa don ya ga abin da za a yi mata, ya ƙare shi ne magatakarda. Sharaɗin shi ne abu ɗaya kawai ake sauyawa a lokaci guda. Sim ɗin Kawu muka riƙa zagayawa da shi daga waya zuwa waya, kowace a ajiye ta a wuri ɗaya, a bar ta ta nutsu kafin a karanta lamba. A ajiye, ba a riƙe ba, domin tafin hannu na toshe eriya. Abin da ya jawo wa iPhone 4 surutu ke nan a 2010, har kamfanin ya raba wa mutane riga kyauta. Mun auna a uwar ɗaka, a tsakar gida, a zaure. Sannan muka juya gwajin: waya ɗaya, layuka daban-daban.

Abin da takardar ɗalibin ta nuna bai yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba. Babbar wayar Kawu tana da nata laifin: a zaure, inda wata Tecno da wata Samsung masu matsakaicin kuɗi suka riƙe 4G da sim ɗinsa, ita sai ta sauka 3G. Da muka nemo bayanin samfurinta a intanet, babu zangon 800 a ciki, babu irin 700 ɗin da ake amfani da shi a nan. Amma layin ma ba a bar shi a baya ba, don da aka sa wani layin daban a waya guda, lambar ta haura da fiye da 10. Uwar ɗaka kuwa ta kayar da kowa. Rufin kwano, bangon bulo, ga dutse a bayan gida. Babu wayar da ta yi abin kirki a ciki, mai tsada da mai araha.

Akwai kuma abin da lambar ba ta faɗa. Da magariba ta yi, sabis na nan yadda yake amma hoto ya ƙi tafiya, saboda duk unguwar ta dawo gida ta hau kan ƙarfen sabis guda. Wani lokaci ma matsalar ba a unguwa take ba. Yawancin ƙarafan nan da janareto suke kwana, abin da ke ba mutum dariya a jihar da ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Masu aikin titi kan tsinke wayar da aka binne. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layuka suka rikice a ƙasashe da dama. Wanda ya sayi sabuwar waya a ranar don tsohuwar ta ƙi tura kuɗi ya yi asarar banza.

Sai da muka gama wannan muka hau Keke Napep zuwa rukunin shagunan Obasanjo, kusa da shataletalen Mobil, inda Minna ke sayen waya da gyaranta. A ganina babu wurin da ya fi kasuwar waya rashin dacewa da gwada sabis. Tsakiyar gari ce, ƙarafa ta ko'ina, ko wace gwangwani aka kunna sandunanta a cike suke. Yaron shagon da muka tsaya ya ɗauko wata mai kyamara huɗu ya ce, "Baba, wannan 5G ce, ko a rami kake za ta kama."

Ba ƙarya yake nufi ba, abin da ya ji ne yake maimaitawa. A Disambar 2021 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin 5G, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, Airtel ya biyo baya ya buɗe nasa a 2023. Amma a zangon 3500 yake, wanda ya fi duk na baya gajeren ƙafa, shi ya sa ko a Legas da Abuja unguwa-unguwa ake samunsa. Mutumin da ke bayan dutse yana fama da 4G ba shi ne zai biya kuɗin wannan ba.

Kawu ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa. "Yaro, ni ba kyamara na zo saye ba. Duba min wadda ke da waɗannan lambobin."

Yaron ya juya kwali ya rasa, ya kira maigidansa. Shi ya gane nan take, ya ce masu sana'ar POS na ƙauye su ma haka suke zuwa masa da tambaya. A takardun waya ba kasafai ake rubuta megahaz ba, lambar zango ake sawa: B3 shi ne 1800, B7 shi ne 2600, B20 shi ne 800, B28 kuma 700. Sabuwar waya ba a fasa kwalinta don gwaji, kuma ba wanda zai bar ka ka kai ta Maitumbi ka dawo. Wannan ne amfanin aron da muka yi, domin samfurin da ya fi riƙe sabis a zauren Kawu mun riga mun san sunansa, kuma yana nan a shagon a kan kusan rabin abin da ya ware. Da aka biya aka buɗe, na danna *#06# na gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, don jabu ba ta ƙare a kasuwa ba.

Saura layi. Tun 2013 mutum na iya ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ta sauya ba, amma Kawu ya ƙi, ya ce lambar da abokan ciniki suka sani tun zamanin da ake sayen sim da tsadar akuya ba zai taɓa ta ba, kuma a Gwada ita ce ke shiga. Ya yi gaskiya, don gidansa rabin wurin aikinsa ne kawai. Muka yi rajistar sabon sim da lambarsa ta NIN, aka sa shi a rami na biyu don data, tsohon ya zauna don kira. Ƙaramar mai tocila ma ya ce tana nan a aljihun gaba, saboda cajinta na kwanaki kuma ɓarawo ba ya kallonta.

Da muka koma gida ya shiga uwar ɗaka da sabuwar ya fito yana tsaki, duk da an gaya masa. Ya sa yara suka fito da kujerarsa da littafin lissafinsa zuwa zaure. Tsohuwar kuwa matarsa ta karɓe tun kafin ya yi maganar sayarwa. Ta ce ita a tsakar gida take wuni, kusa da tankin ruwa, kuma 'ya'yanta da ke aure a Suleja da Kontagora saƙon murya kawai suke turo mata.