Abin da Muka Gani a Unguwar Tubali ta Kuala Lumpur

Ga labarin wata unguwa da muka sauka a ƙasar Malesiya cikin watan Satumba 2019, watau Muharram 1441, da abin da ya same mu can, don akwai abin lura ciki ga kowane mai gida.

Mu uku muka tafi, har da wani dattijonmu Alhaji, bafatake, wanda ya daɗe yana fama da fuka. Muka sauka a Brickfields, ma'anarsa filin tubali. Asalin sunan kuwa, cikin 1881 gobara ta ci garin Kuala Lumpur, ambaliya ta biyo baya, gidajen kuwa na katako ne da jinka. Sai Razdan, Frank Swettenham, ya ba da umurni a riƙa gini da tubali. A nan aka haƙi yumɓu aka kafa matoya. Daga baya Turawa suka kawo ma'aikatan jirgin ƙasa daga Indiya da Silon suka zaunar da su wurin. Kun ga zango ke nan irin namu: baƙi sun zo neman abinci, har sun ga jikoki. Yau babban titinta, Jalan Tun Sambanthan, cike yake da kantunan yadi da kayan yaji da furanni, ga babbar tashar jirgi ta KL Sentral da aka buɗe cikin 2001. Akwai masallacin Musulmin Indiya inda muka riƙa salla. Ƙungiyar makafi ta ƙasar ma a nan take.

Amma fa mun zo a mugun lokaci. Gari ya yi fari fat kamar hazon hunturu, rana ta koma ja, dogayen benaye sun ɓace. Mutanen ƙasar suna kiransa jerebu. Hayaƙi ne na dazuzzukan da ake ƙonewa a Sumatra da Borneo don share gonaki, iska ta kwaso shi ta ƙetare teku. Aka rufe makarantu, kowa ya sa takunkumi. Ba yau aka fara ba, an sha shi cikin 1997 da 2015, cikin Agusta 2005 kuwa har dokar ta-ɓaci aka kafa a Port Klang.

Alhaji ya ƙi takunkumi, ya ce shi da ya ci ƙurar Arewa shekara da shekaru, wannan ba kome ba ne. Ran kwana na uku ya ba mu sallar asuba, sai ya rikice cikin surar da ya haddace tun yana yaro. Muka tuna masa, ya sake rikicewa. Da ya sallame muka ga yana haki, ba ya iya ƙarasa magana, ƙumbansa sun yi duhu. Nan da nan muka kai shi wurin likita. Ta maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa, ta nuna 87. Ta ce na mai lafiya 95 ne zuwa 100, in ya sauka ƙasa da 90 akwai haɗari. Aka sa masa iskar kwalba da maganin shaƙa, kafin azahar hankalinsa ya komo. Alhamdu lillahi.

To, ga bayanin da muka samu. Cikin iskar da mu ke shaƙa, kashi 21 bisa ɗari ita ce mai rayarwa, wadda likitoci ke kira oksijin. Huhu ke karɓarta ya ba jini, zuciya ta tura jinin ko'ina. Hayaƙin bai ƙarar da oksijin na sarari ba, hanyoyin huhu ya ke kumburawa, sai ta kasa shiga sosai. Ƙwaƙwalwa ce ta fara kuka, domin ko da ya ke nauyinta kamar kashi 2 ne bisa ɗari na jiki, ita ke cin wajen kashi 20 na oksijin. In ya ragu sai ciwon kai, da mantuwa, da gyangyaɗi, da ruɗewa. In ya yanke ɗungum, minti 4 zuwa 6 sun isa ta fara lalacewa. Zuciya kuwa sai ta ƙara gudu don ta cike giɓi, alhali ita ma oksijin ta ke ci. Mai ciwon zuciya nan ya kan faɗi. In abin ya daɗe sai ta gaji, ƙafafu su kumbura.

Jama'a, kada mu ce wannan labarin nesa ne. Namu jerebun yana cikin ɗakunanmu. Gawayin da mu ke kwana da shi lokacin ɗari, da janareta da mu ke tayarwa cikin kanti ko zaure mu rufe ƙofa, suna fid da wata iska marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da 'yan kai. Mutum ya kwanta lafiya, gari ya waye ba shi, a ce aljannu ne.

Saboda haka muna roƙon dattawa: janareta ya zauna waje, nesa da taga. A fid da garwashi kafin barci. In tsoho ya rikice farat ɗaya yana haki, a duba leɓɓansa da ƙumbansa, a kai shi asibiti, addu'a kuwa a yi ta a hanya. Fatake masu fuka ko ciwon zuciya su tambayi halin iska kafin su tafi Malesiya tsakanin Yuni da Oktoba.

Mu dai tun da muka komo, almajiranmu ba su ƙara kwana da kaskon wuta ba, bargo muka saya musu. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalam.