Tsibirin Da Maigida Ya Je Sayen Wahala Da Kuɗinsa

'Yan uwana mata, ranar da Baban Ilham ya ce in haɗa kaya za mu Lanzarote, har guɗa na yi, don na zaci hutu ne irin na amarya da ango. Sai da na ga yana kwance kekensa yana jerawa a akwati sannan jikina ya yi sanyi.

Lanzarote tsibiri ne na ƙasar Sifen, cikin tsibiran Kanari, amma ya fi kusa da mu 'yan Afirka, don tsakaninsa da gaɓar Maroko kilomita 125 ne ko kusa da haka. A can ne tun 1992 ake wata gasa mai suna Ironman, galibi a watan Mayu. Ki saurara ki ji abin da mutum zai yi a yini guda: iyo a teku kilomita 3.8, yana fitowa ya hau keke ya tuƙa kilomita 180, yana sauka ya kama gudu kilomita 42. Duk a cikin awa 17, in ya wuce haka ko da minti ɗaya ne ba a lissafa shi. Ita wannan ce maigida ya biya kuɗi ya sa sunansa, kuɗin da ni a raina na riga na ware su na zuwa gida ganin Hajiya. Daga Ingila inda muke zaune muka tafi a watan Fabrairu, wai don ya ga hanya da idonsa kafin ranar.

Abin da ya fara tarbar mu iska ce. Wallahi ina fitowa daga jirgi ta fizge mayafina, da ƙyar na riƙo shi. Daga arewa take busowa, ba ta gajiya. Har manomansu sun san da zamanta: a La Geria sai ki ga kowace bishiyar inabi an haƙa mata rami a cikin baƙin toka, an zagaye ta da 'yar katangar duwatsu kamar jinjirin wata. Na ce, "Yallaɓai, itace ma sai da aka gina masa ɗaki, kai kuma za ka fito fili da keke?" Dariya kawai ya yi.

Rana ta uku ya ce zai gwada hanyar, ni kuma in bi shi a motar haya da ruwa da dabino. Daga Puerto del Carmen muka tashi, garin da ake yin iyon da gudun. Ba mu jima ba muka shiga Timanfaya. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Tsakanin 1730 da 1736 duwatsu suka yi ta aman wuta a wurin, suka binne ƙauyuka, har yau kuwa baƙi ƙirin take kamar an zazzage buhunan gawayi, ba inuwa ba itace. Akwai wani gidan abinci a kan tudun da da zafin ƙasa suke gasa nama. Har raƙuma na gani jere suna ɗaukar baƙi, sai na tuna hanyar Maigatari. Titin ya miƙe sambal, a ido kamar shimfiɗa, alhali hawa ne, iska kuma tana tokare ƙirji. Ina kallon bayan Baban Ilham yana ta taka feda kamar mai daka, keken kuwa kamar an ɗaure shi.

Ashe ba a fara ba. Hawan gaske yana arewa, bayan an wuce tsohon garin Teguise. In aka tara duk tudun da ke hanyar, ya haura mita 2,000 nesa ba kusa ba. A hawan da ke kaiwa saman kwarin Haría ya tsaya, ya kifa kai a kan kan keken. Na fito da gudu zuciyata na dukan uku-uku. Leɓensa ya bushe, gishiri ya yi fari a rigarsa, ƙafarsa tana rawa.

"Maman Ilham, na yi gaggawa tun da safe," ya ce.

Nan na gane inda gizo ke saƙar. Iskar tana busar da gumi tun bai fito ba, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba, ya ƙi shan ruwa. Rana kuma tana ƙona fata ba ki sani ba saboda sanyin iskar. Ga shi ya ƙarar da ƙarfinsa yana kokawa da tudun farko. Gangarar ma ba hutu ba ce, don lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, iska na bugun taya ta gefe. Ban san sau nawa na karanta Ayatul Kursiyyu ba kafin mu sauka cikin dabinan Haría.

Duk da haka ya lallaɓa har Mirador del Río, wurin da mai zane César Manrique ya ƙawata a bakin wani dutse mai tsayin fiye da mita 400. Daga nan kina hango ɗan tsibirin La Graciosa kwance cikin ruwa shuɗi shar. Gaskiya wurin ya yi kyau, har na ɗan huce. A nan muka sa keken a mota.

Kashegari gari ya waye da hazo ja. Su suna ce masa kalima, ƙurar Sahara ce iska ke kwasowa. Turawa na ta rufe hanci, ni kuwa na ce ai wannan hunturun gida ne ya biyo ni.

Da yake ba halin fita, sai ya zauna da biro da takarda. Zai sa wa keken giya mai sauƙi ta hawa. Zai cire tayoyin nan masu faɗin baki da iska ke kamawa. Zai riƙa kurɓar ruwa mai gishiri-gishiri duk bayan minti 15, ko da ƙishi ko babu, ya ci wani abu kowane rabin awa. In mun koma kuma, duk Asabar sai tudu, yana sauka ya yi gudu da gajiyayyun ƙafafu, ga koyon iyo cikin ruwan sanyi da rigar roba. Don ya kwantar min da hankali ya ba ni labarin Paula Newby-Fraser, haifaffiyar ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, wadda ta ci babbar gasar Hawayi sau 8, da Lucy Charles 'yar Ingila da ta ci ta Lanzarote a 2017.

Na ce, "To su ai sana'arsu ce. Kai fa?"

Ya yi shiru. Na karɓi biron na ƙara layi biyu a ƙasan takardar: zai je likita ya duba zuciyarsa kafin Mayu, kuma da Babbar Sallah a gaban Hajiya za mu yi ta. Ya karanta, ya dube ni, ya sa hannu.