Sitikar da Na Manna a Kan Sunan Magani

Shekara tara na yi a kemis ɗina ina manna sitikar farashi inda hannuna ya faɗa. Wasu kwalayen maganin da ke zuwa daga Turai suna da 'yan tudu-tudu a gefe guda, kamar ƙwayar gero ta maƙale cikin takarda. Ban taɓa tambayar amfaninsu ba. A kansu ma na fi mannawa, don a ganina wurin babu rubutu.

Ran nan wani dattijo mai larurar gani, wanda ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, ya zo sayen maganin hawan jini. Ya shafa kwalin, ya sake shafawa.

"Ɗana, wa ya rufe sunan?"

Na ce, "Baba, ai ga shi a fili."

"Gare ka," in ji shi.

Da farce ya ɓare sitikar a hankali, ya ɗora ɗan yatsa, ya karanto mini sunan maganin da ƙarfinsa. Kunya ta rufe ni.

Shi ya sanar da ni cewa kowane harafi a rubutun Louis Braille, Bafaranshen da ya makance tun yana yaro, daga ɗigo shida ake gina shi. Daga baya na ji cewa tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta wajabta sa sunan magani da wannan rubutu a jikin kwali. Da can sai an ƙera farantin ƙarfe an danna kwalin da shi. Yanzu akwai inji mai aiki da kwamfuta da ke ɗiga wani ruwa mai kauri, hasken UV ya sandarar da shi nan take, ko da kwali ɗari kacal ake so. Wannan ya sa ganin kwalaye sumul a kantata yake ci mini rai.

Amma abin da ya fi damuna nawa ne. Mu kati-kati muke sayarwa, mu jefar da kwali. Sau nawa na sallami irin su Baba da ƙwayoyi tsirara a leda, su je gida su jira jika ya dawo daga makaranta ya bambance musu na safe da na dare?

Yanzu ina ajiye masa kwalinsa. In ya zo sai in miƙa masa, in yi shiru, har ya gama karantawa ya ce, "Shi ne."