Kan Jirgi Mai Giya, Da Ƙaramin Layin Dogon Da Ya Kai Mutanenmu Jos

 Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar jirgin ƙasa ce, kuma irin na da, mai cin kwal yana aman hayaƙi. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Tafa da jirgi, garin da tirela ke mulki? Yi haƙuri mai karatu, tirelar ce ma za ta taimaka mana mu gane zancen.

Duk wanda ya taɓa ganin tirela ta ɗauko siminti ta tunkari hawa ya san abin da direba ke yi. Zai sauko da giya zuwa ta ɗaya ko ta biyu, inji ya yi ta ruri, mota na tafiyar hawainiya, amma ba za ta tsaya ba. To wannan dabarar ce wani mai sana'ar katako a jihar Michigan ta Amurka, Ephraim Shay, ya ɗora wa kan jirgi a ƙarshen shekarun 1870. Damuwarsa ita ce yadda zai fito da gungumen itace daga daji, inda layin dogon na wucin gadi ne, ga hawa ga kwana ga gargada.

Kan jirgin tururi da aka saba gani, tururi ne ke tura fistin, fistin ya tura wani dogon ƙarfe da ke haɗe kai tsaye da manyan ƙafafunsa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ka da kamarsa wajen gudu. Amma da ya tarar da hawa mai tsanani sai ƙafafun su dinga juyawa a wuri ɗaya, idan kuma kwana ta matse sai ya goce daga layi. Shi kuwa Shay sai ya tsayar da silinda biyu ko uku a gefen dama, suna juya wani ƙarfe mai kama da farfelar mota, wanda ya bi jikin jirgin daga gaba har baya. A daidai kowace ƙafa akwai giya mai haƙora da ke karɓar juyin. Ke nan duk ƙafafun suna ja, har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa, nauyin ruwan ma ya zama amfani tunda yana danne su a kan ƙarfe. Don kada nauyi ya rinjaya gefe guda sai aka gusa tukunyar zuwa hagu, shi ya sa in ka kalle shi ta gaba za ka ce karkatacce ne. Abin dariyar shi ne ƙararsa. In ka ji shi daga nesa za ka rantse gudun tsiya yake yi, amma in ya ɓullo ko mai keke zai iya jerawa da shi. Sai dai yana hawa inda ƙasa ke tashi ƙafa 10 a cikin kowace ƙafa 100, da lodi a bayansa. Kamfanin Lima da ke jihar Ohio ya ƙera irinsa kusan 2,770 daga 1880 zuwa 1945. Akwai kuma abokan gasarsa, Climax da Heisler, su tasu farfelar ta tsakiyar cikin jirgin take bi.

Da aikin katako ya ja baya, da yawansu sun tafi hannun 'yan gwangwan, amma ba duka ba. A garin Cass na jihar West Virginia an rufe masana'antar katako a 1960, gwamnatin jihar ta sayi layin, a 1963 aka fara ɗaukar masu yawon buɗe ido. Tafiyar mil 11 ce zuwa saman tsaunin Bald Knob, kuma cikin kawunan da ke jan taragun akwai wanda aka ƙera tun 1905. Mutane na biyan kuɗi don a ja su a hankali su sha kallo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsaunin Alishan a Taiwan. Japanawa ne suka buɗe shi a 1912 don sauko da katako, suka sayo kawunan Shay daga Amurka. Yana tashi daga birnin Chiayi ya hau sama da mita 2,200 a tafiyar kilomita 71. Guguwar 2009 ta lalata shi, ba su haƙura ba, suka yi ta gyara har aka sake buɗe shi gaba ɗaya a 2024. Faɗin layin ƙafa biyu da inci shida ne.

Riƙe wannan shekarar da wannan faɗin, domin mu ma mun yi irinsa. A 1912 ɗin nan aka buɗe ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Rahama, mai faɗin ƙafa biyu da inci shida cif, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway duk da bai je garin Bauchi ba. A 1914 ya haye tudu ya kai Bukuru, jimillar mil 143. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, Naraguta, sannan Jos, wadda ke sama da teku da kusan mita 1,200. Dalilinsa kuza ne. Kafin zuwansa 'yan dako ke ɗaukar kuzan a ka har Loko a bakin kogin Binuwai. Wani ɓangare na kayan aikin ma daga jiharmu ta Neja aka kwasa, daga ɗan layin Zungeru zuwa Barijuko da aka shimfiɗa tun farkon zamanin Lugga, wanda shi ne layin dogo na farko a Arewa.

Kawunan namu ba masu giya ba ne, irin na yau da kullum ne amma ƙanana, don haka sun sha wuya a hawan. Wannan ba a littafi na samo shi ba, a bakin kakata na ji, wadda a cikin wannan jirgin aka kai ta ɗakin miji daga ƙasar Soba zuwa Bukuru, inda kakana ke sayar wa leburorin kuza atamfa da kwanuka. Ta ce in an wuce Jengre jirgi kan dinga nishi kamar tsohon jaki, samari su dira su taka da ƙafa a gefensa su sake hawa. Ta ce tartsatsin wuta ya huda mata mayafi, sanyin Jos kuma ya tarbe ta tun ba ta sauka ba. Duk sanda na tambaye ta sai ta ce, "Kai maigidan, kai da ba ka iya sayo mini ko goro ba, labarin jirgi za ka ci?" Sannan ta gyara zama ta ba ni.

Ba duk wanda ya hau tudu ne ya je da son ransa ba. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan kuza na Malaya, Turawa sun tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙar kuza a Filato, kuma da yawa sun mutu da sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Wannan ma tarihin hanyar ne, bai kamata a ba da labarin amare a bar shi ba.

Ajalin layin ya fara ne a 1927, lokacin da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ya koma bin hanyar Fatakwal. Ya ci gaba da lallaɓawa har 1957 aka rufe shi, aka tumɓuke ƙarfen. Abin da ya rage shi ne kawunan da aka ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, da kan jirgin Zungeru da ke ajiye a Minna. Suna nan a tsaye, ba wuta ba tururi.

Ba na cewa an yi kuskure da aka daina dakon kaya da shi, mota ta fi shi sauri, kuma ba a kasuwanci da tausayi, wannan tun a shagon Baba na koya. Amma na Cass ma ai ya daina kawo riba, sai masu shi suka ga ashe hawan da kallon su ne hajar. Da an bar ko da daga Jengre zuwa Jos, da yau ɗaliban makarantu ba su rasa wurin zuwa ba, da masu tsire da masu fura sun samu tasha.

Mu da muke zaune a garin da ba nan aka binne cibiyar iyayenmu ba, abin ya fi shafar mu. Baba a Bukuru aka haife shi, ginin Abuja ya jawo shi Tafa, ni kuma a nan na buɗe ido. In aka ce mini ɗan ina ne, amsar tawa hanya ce: Soba, Bukuru, Tafa. Kashi na farko na hanyar nan babu shi a taswirar yau, sai a kan tsohuwar da ta haura tamanin. Ko jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba shi da tasha a garinmu, sai mutum ya je Kubwa ko Jere, don haka ƙannenmu da yawa ba su taɓa shiga tarago ba balle su san an yi wani mai hawa dutse.

Roƙona ga wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida daga ƙasar Zazzau ko Filato, wanda aka haifa kafin 1950, shi ne ya zauna da su ya tambaya: a wace tasha suka hau, nawa suka biya, awa nawa suka yi, me ake sayarwa a Rahama, kuma da wane suna suke kiran jirgin a garinsu. A ɗauka a waya. Ni na ɗauki na kakata, minti arba'in, rabinsa faɗa ne a kan goro. Wanda ya samu nasa ya aiko mini, in sha Allahu zan jera su tasha bayan tasha daga Zariya har Bukuru.