Baƙon Da Ba Shi Da Wakili A Bakin Tafkin Kainji

Mun yi 'yan kwanaki muna zagaya ƙasar Yauri, daga Shanga muka gangaro Yelwa, sa'an nan muka zarce Wara ta Ngaski. Ko'ina muka tsaya a bakin ruwa sai mu ji harsuna sun cakuɗe: ga Gungawa da Kambari, ga Sarkawa masunta, ga kuma Zabarmawa da mutanen Mali waɗanda kifi ya jawo. Su kansu Gungawa sun san zafin ƙaura, domin sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibiransu, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka.

A Wara muka zauna da wani dattijo masunci. Ubansa ya sauko daga Nijar ta kogin Kwara, uwarsa kuwa Bagungiya ce, a nan aka haife shi bayan samun mulkin kai, amma ba shi da takardar haihuwa. Ya ce in ya kai banda kasuwa mai nisa, wasu masu tare hanya kan ce shi baƙo ne, sai ya ba da abin da ya sauwaƙa ya wuce. Alhali kuwa sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi gaskiya: wanda aka haifa a Nijeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Shekara da shekaru yana biyan kuɗin abin da doka ta riga ta ba shi, don kawai babu wanda ya karanta masa.

A da, baƙo kan sauka wurin fatoma ko maigida, shi ke magana a madadinsa gaban hakimi. Malamanmu ma ba su manta da wannan ba. Babin wakilci yana nan cikin Tuhfa ta Ibnu Asim wadda alƙalanmu ke karantawa, inda aka halatta wa mutum ya wakilta wanda zai yi husuma dominsa. Amma maigida ba ya iya jayayya da takardar kora. Wannan sai lauya wanda ya ƙware kan dokar shige da fice.

Masu karatu za su tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Barno, wanda aka ɗauke a 1980 aka tsallakar da shi Cadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Lauyoyi suka tsaya masa, Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar ɗan Nijeriya ne, ya dawo gida. To, shi babban mutum ne mai jam'iyya a bayansa. Da aka yi korar baƙi ta Janairun 1983, wajen mutum miliyan biyu suka fita, akasarinsu ba su ga ƙofar kotu ba.

Yanzu kuma ga sabon lamari. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sake shawara. Masuncin da ke kwana cikin kwalekwale ba ya jin irin wannan sanarwa.

Mun shawarci attajiran kifi na Yelwa da su haɗa kuɗi su ɗauki lauya mai zuwa ranar kasuwa, su kuma nemi hukumar nan ta taimakon shari'a kyauta da aka kafa a 1976. Ɗayansu ya ce za su tattauna bayan sallar Juma'a. Shi kuwa dattijon, mun rubuta masa lambar sashen da ajami, ya naɗe ya sa cikin hularsa.