Godiya ga Malamin Zaure

 Malam, na rubuto ne a madadin iyayen yaran da kake tarawa a zaurenka bayan La'asar, ba tare da ka taɓa karɓar ko sisi ba.

Babu abin da ya wahalar da 'ya'yanmu a Turanci kamar aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa karɓar -ed idan ana maganar abin da ya wuce. Mu a Hausa mun saba da na tafi, zan tafi, aikatau yana nan yadda yake. Sai ga Turanci da siga uku: go, went, gone, kuma irinsu sun kai wajen 200. A ba yaro jerinsu a ce ya haddace, ya haddace yau ya zubar gobe.

Kai kuwa da jam'in kare da jirgi da mace ka fara. Yara suka ce karnuka, jirage, mata. Ka tambaye su wa ya ba su doka, suka yi shiru, ka ce kunne ne ya saba, na Turancin ma haka za a yi da su. Tun daga nan tsoro ya fita daga ransu.

Sannan ka kasa aikatau ɗin dangi-dangi a allo. Sing, sang, sung suka zauna wuri ɗaya da ring, drink, swim da begin. Buy, bring, teach da catch suka haɗu a bought, brought, taught, caught, inda siga ta biyu da ta uku duk ɗaya ce. Put, cut da shut ko motsi ba sa yi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ka nanata cewa siga ta uku ba ta fita ita kaɗai, sai have, has, had ko dangin be sun shige mata gaba. Da kunnena na ji 'yata tana wanke-wanke tana rera write, wrote, written, ƙaninta yana amsawa daga bakin rijiya. Lie da lay kuwa, da ke rikita har masu harshen, ka bi su a hankali har suka zauna.

Kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Bana 'yata ta same shi a WAEC, ita da ƙawayenta da dama.

Allah ya saka maka da alheri, Malam, ya jiƙan magabatanka, ya sa 'ya'yanka su fi ka. Iyaye kuma, don Allah mu haɗa hannu mu saya wa zauren nan alli da sababbin tabarmi.